A Mayar da Dutse Gindin Bango

Daminar bara, cikin watan Agusta, katangar yamma ta gidan kawuna ta kwanta da tsakar dare. Allah ya kiyaye, babu kowa a kusa sai awaki biyu, su ma suka tsira. Da na isa ƙauyen da hantsi, na tarar da maƙwabta sun taru ana jajantawa, wasu na cewa ruwan daren jiya ya yi yawa, wasu na cewa ai ginin ƙasa ya gama yayi, kawu ya haƙura ya nemi bulo. Ni kuwa sai na tsuguna ina duba gindin bangon. Saman katangar lafiyarsa ƙalau, tubalin da ya faɗi ma da yawansa bai fashe ba. Amma daga ƙasa zuwa kamar kamu biyu, ruwa ya rarake shi, ya bar katangar tsaye a kan abin da bai fi faɗin tafin hannu ba.

Kawu ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, ba ruwan daren jiya ba ne. Bango daga gindi yake mutuwa. Shekara goma ke nan ruwa yana lasar wurin nan."

Na ɗaga kai. Bayan gidan, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, ga falalen dutsen da matan garin ke shanya dawa da barkono a kansa tun ina yaro. A gefensa kuma ga tifa tana lodin duwatsun da samarin garin suka fasa, za ta kai su birni. Dutse yana barin ƙauye a kan mota, katangun ƙauyen suna faɗuwa saboda rashin dutse a gindinsu. Tun ranar abin yake damuna, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Duk wanda ke yawo a sababbin unguwannin Abuja, Kaduna ko Kano ya ga yadda dutse ya dawo yayi. Ana manna shi a fuskar gida, a ginshiƙan ƙofar shiga, a bangon falo bayan talabijin, a matattakalar bene, a kan kantar kicin. Wani daga Italiya aka kawo shi, wani daga Turkiyya ko Indiya ko Sin, ya sauka a Apapa cikin kwantena, aka biya da dala, aka ɗoro shi a tirela har Arewa. Wani kuma ko dutsen ma ba shi ba ne, siminti ne aka zuba a maƙera aka shafa masa launi, ko tayil da aka buga masa hoton dutse. Ban ga laifin mutum ya so gidansa ya yi kyau ba. Kakanninmu ma sun ƙawata soraye da zane da zanko, kuma dutse abu ne mai kyau da kwarjini, ido ba ya gajiya da shi. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka mayar da shi riga. Falle ne mai kaurin santimita 2 ko ƙasa da haka, a manne a jikin bulon da aka buga da ƙarancin siminti, a kan harsashin da aka yi wa ƙwauron rodi. Kayan aro ba ya rufe katara. Bayan shekara biyar danshi ya taso daga ƙasa, fentin ciki ya fara kumbura, fallen waje ya fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, mai gida yana mamaki, alhali kuɗin da ya kamata ya binne a ƙasa ne ya rataye a bango.

Ra'ayina a taƙaice shi ne dutse ma'aikaci ne. A sa shi inda zai yi aiki: a harsashi, a gindin bango, a bakin ƙofa, a ƙarƙashin indararo, a dakali, a wurin wanki da wurin girki. A fara da dutsen da ke kusa da mu kafin a tuna da na ƙetare. Idan an gama wannan, kuɗi ya ragu, to a yi ado.

Na san abin da za a ce: Bahaushe maginin ƙasa ne, ba maginin dutse ba. Akwai gaskiya a ciki. Ganuwar Kano, Gidan Makama, masallacin Juma'a na Zariya da na Agadas duk shaidu ne cewa hannunmu ya fi sabawa da laka da tubali da azara. Amma wanda ya ce ba mu san dutse ba bai je Surame ba. A can jihar Sakkwato, kufan birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16 yana nan, kuma ganuwarsa ta dutse ce. Shekara wajen ɗari biyar ke nan, babu mai yi mata yaɓe, babu mai share mata ciyawa duk damina, amma har yau ana bin layinta da ƙafa ana ganin inda ƙofofi suke. Ganuwar ƙasa kuwa, idan aka daɗe ba a taɓa ta ba, tudu take komawa.

A gabas kuma, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, akwai Sukur, wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a shekarar 1999. Mutanen Sukur ba Hausawa ba ne, maƙwabtanmu ne, kuma abin da suka yi da dutse ya isa kowane mai zanen gine-gine ya je ya zauna ya koya. Fadar Hidi, sarkinsu, da katangunta duk jeren dutse ne ba tare da siminti ba, kowane dutse nauyinsa da zamansa ne ke riƙe ɗan'uwansa. Sun shimfiɗa hanyoyin dutse daga gindin tsauni zuwa samansa, sun yanka gefen tsaunin hawa-hawa sun tokare da dutse don kada ruwa ya kwashe ƙasar noma. Haka abin yake a tsaunukan Gwoza. A Jos ma, duk wanda ya bi tsofaffin unguwanni zai ga gidaje da katangu na zamanin haƙar kuza da aka ɗora a kan dutse, suna tsaye cak, gine-ginen da aka yi a bayansu da shekara hamsin sun tsattsage. Ko sunayen garuruwanmu sun isa su tuna mana abin da muke zaune a kansa: Dutse, Dutsin-Ma, Dogondutsi, Goron Dutse, ga kuma unguwar Marmara a cikin birnin Kano. Kufena na kallon Zariya, Dala na kallon Kano, Kwatarkwashi na tsaye a hanyar Gusau. Kuma a cikin gida, dutse bai taɓa zama baƙo ba. Shi ne dutsen niƙa, shi ne duwatsun murhu uku, shi ake wasa wuƙa a kai. Har ƙarfen da muke goge tufafi da shi dutsen guga muke ce masa.

Bari in tsaya a kan gindin bango, don nan ne zuciyar maganar. Ruwa yana cin bango ta hanya uku. Akwai wanda ke zubowa daga indararo ko bakin kwano ya daki ƙasa ya fantsamo jikin bango. Akwai wanda ke kwanciya a lungu bayan an ɗauke ruwa, ya yi kwana biyu yana jiƙa gindin katanga. Sai kuma wanda ba a gani, danshin da ke hawowa daga cikin ƙasa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Wannan na ukun yana tafe da gishirin ƙasa, idan ya bushe sai gishirin ya tsaya cikin bango yana ɓarɓasa shi, shi ne farin garin nan da muke gani yana zuba a gindin ɗaki, ko ɗakin na ƙasa ne ko na bulo. Dukkansu uku a wuri ɗaya suke aiki, daga ƙasa zuwa tsawon gwiwa. Dutse mai tauri irin wanda ke tsaunukanmu, wato giranit, kusan ba ya shan ruwa. Idan aka haƙa harsashi aka jera shi da dutse, aka ɗago jeren har ya wuce ƙasa da santimita 45 zuwa 60, aka shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa kafin a ɗora tubali ko bulo, an rufe wa ruwa ƙofofinsa uku. Sai a ƙara da shimfiɗa 'yan fala-falan duwatsu inda indararo ke zuba, a karkatar da ƙasar gefen gida ruwa ya riƙa gudu waje.

Ba na cewa wannan zai tare ambaliya irin wadda ta shafe garuruwa a Jigawa a 2022, ko wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau. Wannan wata magana ce, ta madatsai da magudanai da inda ake barin mutane su yi gini. Amma yawancin ɗakunan da ke danne yara da tsofaffi kowace damina ba kogi ne ya zo ya same su ba. Ruwan sama ne na yau da kullum, da kwatar da ta toshe, da gindin bangon da ya shekara yana ruɓewa. Irin wannan mutuwar, jeren dutse mai tsawon gwiwa yana iya hana ta.

Akwai kuma fa'idar aljihu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a kasuwanni da dama, talaka ya ajiye gini. Ana ta gaya masa hanya ɗaya ce, ko bulo ko babu. Alhali idan gindin ya zama na dutse, rufin kuma ya fito ya yi wa bango inuwa, tubalin ƙasa zai iya rayuwa fiye da mai gidan, ɗakin kuma ya fi na bulo sanyi a watan Afrilu. Siminti kaɗan zai shiga, na haɗa duwatsun kawai. Masana sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti shi kaɗai ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya, saboda sai an gasa farar ƙasa a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,400 da ɗoriya. Dutse kuwa Allah ya riga ya gasa shi. Fasa shi da ɗaukarsa kawai ya rage mana.

Ba kuma giranit kaɗai muke da shi ba. Akwai marmara, jan dutsen nan mai ƙananan ramuka da ke kwance a ƙarƙashin gonaki da yawa na ƙasar Hausa, wanda manomi ke tsana saboda yana karya garma. A Burkina Faso, Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan ƙauyen Gando da ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022, ya gina makarantar sakandare a Dano da wannan dutsen, ya sake gina wata a Kudugu, wadda aka kammala a 2016. Sirrin marmara shi ne lokacin da aka haƙo ta tana da ɗan laushi, ana iya yanka ta kamar bulo, idan ta sha iska da rana sai ta ƙara tauri. Ginin ya fito ja wur, babu filasta babu fenti, kuma hotunansa sun zaga duniya a matsayin ginin zamani. Burkina ba ta fi mu marmara ba. Abin da ta samu shi ne mutumin da ya kalli abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa bai raina shi ba. Sai dai a sani, marmara tana shan ruwa fiye da giranit, don haka ita bango ta fi dacewa da shi, gindi a bar wa mai tauri.

Yanzu mu shiga cikin gida, inda aka fi kashe kuɗi kuma aka fi yin kuskure. Duk wanda Allah ya kai shi Makka ya yi ɗawafi da rana tsaka zai tuna yadda farin daɓen nan na Harami ba ya ƙona ƙafa, ko da rana na dukansa. Dutsen mabul ne fari tas da ake haƙowa a tsibirin Tasos na ƙasar Girka, farinsa yana mayar da hasken rana maimakon ya haɗiye shi, ga shi kuma an shimfiɗa shi da kauri. Alhazai da yawa sun dawo da sha'awar wannan sanyin, suka ce a sa musu dutse a tsakar gida. Sai mai sayarwa ya nuna musu baƙin giranit mai sheƙi, ya ce shi ake yayi. Baƙin dutse a tsakar gidan Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu tanda ne. Yaro ba zai iya taka shi ba da azahar, da dare kuma ya riƙa amayar da zafin da ya sha har bayan isha'i, lokacin da mutanen gida ke son shimfiɗa tabarma a waje. Haka fallen baƙin dutsen da ake mannawa a bangon yamma: yana shan ranar la'asar, ya tura zafin cikin ɗakin kwana. Dutse ba ya tare zafi, tara shi yake yi. Idan yana cikin inuwa, a daɓen zaure ko falo, sai ya tara sanyin dare ya riƙe shi har yamma, ka taka ka ji daɗi. Idan yana cikin rana, zafi zai tara maka. Duk hikimar ke nan, kuma mai sayar da dutse ba lallai ya gaya maka ba.

Sai maganar santsi, wadda ba zan iya yin ta ba tare da zuciyata ta sosu ba. Wani ɗan'uwanmu ya gina gida, ya ware wa mahaifiyarsa ɓangare mai kyau, don ya faranta mata. Aka shimfiɗa gogaggen mabul tun daga falo har banɗaki. Wata uku da tarewa, ta fito alwalar asuba da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ta zame, ƙashin ƙugunta ya karye. Da na je duba ta a asibiti na ce, "Inna, sannu, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan. Ni dai da ma daɓen ƙasata aka bar mini." Ba ta sake tafiya ba tare da sanda ba. Mu mutane ne masu taɓa ruwa sau biyar a rana, masu tafiya ba takalmi a cikin ɗaki, masu zama da tsofaffinmu a gida ɗaya. Gidan Bahaushe ba otal ba ne. A banɗaki, a wurin alwala, a matattakala, dutse mai kaushi ake sawa, wanda ba a goge shi ya zama madubi ba. Ana samunsa, kuma sau da yawa ya fi araha.

A kicin ma haka. Mabul da giranit ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a shago gefe da gefe ake jera su. Mabul ɗan'uwan farar ƙasa ne, yana da laushi, wuƙa na iya karce shi, kuma duk abu mai tsami yana cin sa. Matar da ke jiƙa tsamiya don kunu, tana matsa lemon tsami, tana dafa zoɓo, tana zuba manja, idan aka yi mata kanta da farin mabul an haɗa ta da aikin da ba ya ƙarewa: cikin shekara guda sheƙin zai dushe, tabo ya zauna. Ruwan wanke banɗaki mai ƙarfi ma yana ƙona shi. Giranit ne ke jure wannan rayuwar, ya ɗauki tukunya mai zafi, ya ɗauki sara. Kuma giranit ɗin nan shi ne dutsen da ya cika Arewa tun daga Abuja har Bauci da Jigawa. Mabul ma muna da shi a ƙasar nan, a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. Abin takaici, yawancin dutsenmu tsakuwa ake mayar da shi a zuba a kankare, sannan mu ɗauki dala mu sayo na wasu da aka yanka aka goge.

Ga masu sha'awar manna shi a bango kuma, a tuna nauyi. Fallen giranit mai kaurin santimita 2 yana kai kilo 50 da 'yan kai a kowane murabba'in mita. Idan aka manna irin wannan a saman bene da siminti kawai, ba tare da ƙugiyoyin ƙarfe masu riƙe shi ba, zafin rana da sanyin hunturu za su yi ta buɗa shi suna rufewa har ranar da zai saki. A ƙasan kuwa nan ne yara ke wasa.

Ba ko'ina wannan shawarar za ta yi aiki ba. A ƙasar Barno ta wajen tafkin Cadi da fadamun Haɗeja, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga dutsen jifan kare ba, kuma tsadar dutse duk a mota take. Mutanen can tuntuni suka samo tasu mafita: a kufan Ngazargamu da Gambaru har yau ana ganin jan bulon da aka gasa. Wanda yake can ya ɗora gindin bangonsa a kan gasasshen bulo. Maganata da mutanen da ke kwana suna tashi a gindin tsauni ce.

Amma ba zan yi kiran a ƙara amfani da dutse in yi shiru a kan masu fasa shi ba, don hakan zalunci ne. Duk wanda ya bi gefen Jos ko Bauci ko bayan garin Abuja ya gan su: mata da goyo a baya, yara da ya kamata a ce suna aji, zaune cikin rana da guduma, suna mayar da ƙaton dutse tsakuwa. Maza na kunna taya ko itace a kan falalen dutse don zafi ya tsaga shi. Babu takunkumi, babu tabarau, babu takalmi. A birni kuma, yaron da ke yanka maka kantar kicin da injin yanka a bushe, yana tsaye cikin farin hayaƙin ƙura, gashin idonsa ya yi fari. Wannan ƙurar ba irin ta hunturu ba ce. Ƙananan ƙwayoyinta suna shiga can cikin huhu su zauna, huhun ya yi ta tabo yana ƙanƙancewa, bayan shekaru mutum ya kasa hawa matattakala uku ba tare da haki ba. Wannan cutar ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, shi ya sa da yawa ake yi musu maganin tarin fuka ba a san asalin ciwon ba. A Ostireliya cutar ta kama matasa masu yanka dutsen haɗi, wanda ake yi da garin dutse da ƙaro, har gwamnati ta haramta shi gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2024. Irin wannan dutsen haɗin yana nan a shagunanmu ana yanka shi a bushe. Hausawa sun ce dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba. Mai gidan da ke shafa santsin kantarsa bai san huhun wa aka kashe a kanta ba. Kuma rigakafin ba shi da tsada: a riƙa zuba ruwa a bakin injin lokacin yanka, ƙurar ta zama taɓo maimakon ta tashi, a ba ma'aikaci takunkumin da aka yi don ƙura. Mai gida yana da ikon cewa ba za a yanka dutse a bushe a gidansa ba. Ni na faɗa, kuma an yi.

Manyan wuraren fasa dutse da nakiya su ma suna da nasu alhakin. Mutanen Mpape a Abuja sun san yadda bango ke tsagewa da yadda ƙura ke rufe kwanon abinci, kuma bayan motsin ƙasar da aka ji a yankin a Satumban 2018 hukuma ta dakatar da fasa dutse a wurin. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙar ma'adinai ko fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'ummar da yake aiki a ƙasarsu. Ina ganin abu na farko da ya kamata kowane dagaci ya sa a cikin irin wannan yarjejeniyar, kafin rijiyar burtsatse da buhunan shinkafar salla, shi ne dutsen harsashi ga duk ɗan garin da zai yi gini. Sannan akwai duwatsun da bai kamata a taɓa ba ko nawa za a biya, irin na Birnin Kudu masu zanen mutanen da.

Gwamnatocin jihohi su ne manyan magina a Arewa: azuzuwa, ɗakunan shan magani, gidajen ma'aikata. Da za su rubuta a takardar kwangila cewa duk inda dutse yake kusa, harsashi da gindin bango na dutse za a yi, da cikin shekara kaɗan an samu maginan dutse a kowace ƙaramar hukuma, don sana'a inda kasuwa take can take zuwa. Kwalejojin fasaha su ɗauko tsofaffin maginan Jos da na tsaunukan Adamawa su koya wa yara yadda ake zaɓen fuskar dutse, yadda ake ɗaure jere da dogon dutse mai ratsa kaurin bango, yadda ba a barin gaɓa ta hau kan gaɓa. Wannan ilimin a hannu yake, ba a takarda ba, kuma masu shi suna tsufa. Masu kuɗinmu kuma, waɗanda su ake kwaikwayo, su ne za su iya cire wa dutsen gida ƙyamar da ake yi masa. Ranar da babban mutum ya gina zaurensa da dutsen garinsu, ya zauna a dakalin dutse yana karɓar gaisuwa, ranar talaka zai daina jin kunyar nasa.

Da kaka ta yi muka sake tayar da katangar kawu. Muka ɗauko wani dattijo magini daga garin da ke gaba, wanda ya yi aikin kwalbatoci a ƙuruciyarsa. Samarin gidan suka kwaso duwatsu da amalanke daga bayan gari, kwana uku. Dattijon ya riƙa juya kowane dutse a hannunsa kafin ya ajiye shi, wani ya mayar gefe ya ce lokacinsa bai zo ba. Buhu shida na siminti suka shiga gaba ɗaya. Da jeren ya kai gwiwa, ya shimfiɗa leda, aka ɗora tsohon tubalin da bai fashe ba, aka cike da sabo. Daminar bana ta zo ta wuce, na je na tsuguna a wurin da na tsuguna bara, na kankare gindin da farce, ban samu ko gari ba. Maƙwabcin kawu na kudu ya riga ya tara nasa duwatsun a ƙofar gida, yana jiran dattijon ya gama girbi.